Alhaji ya daina zaɓen goro: nazari kan ƙunci, mantuwa da gado a wani gida a Agege

Hajiya ce ta aiko yaro ya kira ni bayan sallar isha'i. Ni ma'aikacin jinya ne, kuma shekara 11 ke nan katangarmu ɗaya da su a Agege, don haka duk rashin lafiyar da ta taso a gidan ni ake fara nema kafin a yi zancen asibiti. Na tarar da Alhaji kwance a tabarma ya juya wa ɗaki baya, ga kwanon tuwonsa a rufe tun magariba. Na durƙusa na ce, "Baba, barka da dare, ya ƙarfin jiki?" Sai da na maimaita sau uku sannan ya ce, "Ku rabu da ni, na zame muku kaya." Daga nan bai ƙara ko uffan ba.

Iyalan sun yarda in rubuta wannan bisa sharaɗin kada a kama sunan kowa.

Alhaji yana da shekara 76. Daga wani ƙauye na ƙasar Katsina ya hau jirgin ƙasa ya zo Ikko yana saurayi, ya shiga fataucin goro tsakanin Shagamu, Agege da Kano, kuma da goron ya gina gida ya aurar da 'ya'ya. Ya fi shekara 15 da hawan jini, sai dai irin mutanen nan ne da ba sa tuna magani sai kai ya sara. Mantuwar ta soma ne shekara 3 kafin wannan daren. Farko lissafin kuɗi ya riƙa kwance masa, sannan raka'o'in salla, har wata rana ya fito masallaci ya ɓata, aka tsince shi a bakin titin jirgi yana tambayar hanyar gidansa. Abin da ya fi girgiza Hajiya shi ne ranar da ya ƙwala wa ɗansa na fari kira da sunansa na yanka a gaban baƙi, mutumin da tun haihuwar yaron bai taɓa kama sunan ba saboda alkunya. An kai shi asibiti a lokacin, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ta ɗan tsuke kuma ƙananan jijiyoyin jini sun lalace. Likita ya ce ciwon mantuwa ne mai haɗe biyu, cutar Alzheimer da kuma ɓarnar hawan jini.

Duk tsawon shekarun nan uku Alhaji mutum ne mai fara'a. Kullum da hantsi ana shimfiɗa masa buzu a ƙofar gida, yaran shagon su kawo masa faifai da goro, ya zauna yana zaɓe. Ba ya iya faɗa maka ranar da ake ciki, amma ya ɗauki goro ya juya shi sau ɗaya tsakanin yatsu ya ware marsa gefe, mai sankara gefe, ba kuskure. Hannun bai manta ba.

Cikin wata biyu wannan duka ya tsaya. Ya ture faifan. Ya riƙa farkawa wajen ƙarfe 3 na dare yana kuka a hankali, yana cewa ya ci amanar mutane, ana bin sa bashin huhu arba'in, alhali ba wanda ke bin sa ko ƙwarya ɗaya. Zoben azurfar da ya shekara talatin a yatsarsa ya soma zamewa saboda rama. Safiya ta fi yi masa nauyi, zuwa la'asar ya ɗan sake.

Masu ciwon mantuwa da yawa suna shiga wani hali na mutuwar zuciya: mutum ya zauna shiru, ba ya son komai, ba ya ƙin komai, in ka tambaye shi ya ce lafiya lau. Wannan daban. Na Alhaji akwai raɗaɗi a ciki, akwai kuka, zargin kai, ƙin abinci da fatan mutuwa. Wannan shi ne ciwon damuwa, kuma ya hau kan mantuwar ne kamar yadda zazzaɓi kan hau mai karaya.

Gidan ya rabu. Babban ɗan ya ce gigin tsufa ne, sai haƙuri da addu'a. Hajiya ta fi karkata ga cewa akwai hannu, domin kasuwar goro ba ta rasa 'yan baƙin ciki, aka yi ta rubutu da tofi. Na biyun kuwa, da ya gaji da kukan dare, ya je kemis aka ba shi amitiriftilin wai don barci. Maganin damuwa ne na gaske, mai araha, amma yana toshe wani sinadari da ƙwaƙwalwar mai mantuwa ke ƙarancinsa tun asali. Kwana biyar da farawa Alhaji ya ƙara rikicewa, bayan gida ya ɗaure, fitsari ya riƙa yi masa gardama, ya faɗi a banɗaki ya fasa goshi. Faɗuwar ce ta sa aka kira ni.

Da na ce a ga likitan ƙwaƙwalwa, babban ɗan ya miƙe tsaye. "Wallahi ba za a kai Baba Yaba ba." Duk mazaunin Legas ya san abin da kalmar ke nufi a bakin mutane, saboda asibitin masu taɓin hankali da ke can tun 1907. Sai da na nemo wani asibitin da ke da sashen kula da tsofaffi sannan ya sauko.

Ni na yi tafinta, domin likitar Bayarabiya ce, Turancin Alhaji kuma ya tafi da mantuwar, ya bar masa Hausa da ɗan Yarabancin kasuwa. Ta yi amfani da ma'aunin Cornell, wanda aka fitar a 1988 musamman don masu mantuwa. Tambayoyi 19 ne, kuma ana yi wa mai jinya su kamar yadda ake yi wa mara lafiya, tunda wanda ba ya tuna jiya ba zai ba ka labarin makon da ya wuce ba. Makin Alhaji ya haura 18, inda ake ɗaukar ciwon ya tabbata.

Sannan ta yi tambayar da ta jawo wannan rubutu: ko akwai wani a dangi da ya taɓa irin wannan? A nan na yi kuskure. Na fassara da cewa, "Akwai mai taɓin hankali a zuriya?" Babban ɗan ya haɗe rai ya ce, "Babu mahaukaci a gidanmu." Likita ta rubuta babu, aka wuce. Shekaru ina wannan aiki, amma na manta cewa Bahaushe ba ya ajiye irin wannan ciwo a ƙarƙashin sunan hauka. Yana ajiye shi ne a ƙarƙashin iska, ko sammu, ko "ta yi jinya", ko kuma ba ya ambatonsa sam.

Autar gidan ce ta gyara mini. Malamar makaranta ce, shekararta 29, an sa mata rana. Da daddare ta kira ƙanwar Alhaji a waya, ta sa mu a kunne ni da Hajiya, ta ce, "Gwaggo, a gidanku akwai wanda ya taɓa shiga ɗaki ya ƙi fita, ya ƙi abinci, ba tare da zazzaɓi ba?" Gwaggo ta yi shiru har muka zaci layin ya yanke. Sai ta ce, "Ai Inna ke nan." Mahaifiyarsu, in ji ta, duk haihuwar da ta yi sai ta yi watanni ba ta magana, kishiyarta ce ke goyon jaririn, ana kawo mata shi ta shayar kawai. An ce mutanen ɓoye ne suka shafe ta a bakin rafi. Akwai kuma ƙanen Inna, manomi, wanda wata damina ya daina zuwa gona, daga baya aka tsamo gawarsa a rijiya aka ce santsi ne ya kwashe shi. "Ba a maganar," in ji Gwaggo, "ke ma don kin tambaya ne."

Hajiya da ke gefe ta ce, "To ai shi ma Alhaji ya yi." A 1984, lokacin da gwamnatin soja ta canza launin kuɗi aka rufe iyakoki, kuɗinsa masu yawa sun maƙale a hannun abokan ciniki. Ya kwanta wata huɗu, ba kasuwa, ba masallaci, yana cewa shi ya ƙare. Kowa ya ce karayar arziki ce. Amma abokan sana'arsa da suka yi asarar da ta fi tasa sun koma kasuwa cikin mako biyu.

Mutum uku ke nan cikin zuriya biyu, kuma da safe an rubuta "babu" a fayil.

Binciken tagwaye shi ne tsohuwar hanyar auna rabon gado a cikin ciwo. Da aka tattara irin waɗannan bincike a shekarar 2000, an samu gado na ɗaukar kusan kashi 37 cikin 100 na ciwon damuwa, kuma wanda iyayensa ko 'yan'uwansa na jini ke da shi haɗarinsa ya kusa ninki uku na sauran mutane. Mutane kan ji 37 su ɗauka kowane ɗa yana da damar kamuwa kashi 37. Ba haka ba ne. Ma'anar ita ce, in ka dubi al'umma ka tambayi me ya sa wasu ke kamuwa wasu ba sa yi, kusan kashi ɗaya cikin uku na bambancin daga jini yake, ragowar daga abin da rayuwa ta ɗora wa kowa. Cutar Alzheimer ta fi haka nauyin gado: binciken tagwayen Suwidin na 2006 ya sa shi tsakanin kashi 58 da 79.

Inda ciwukan biyu suka haɗu a jikin mutum ɗaya, lissafin ya fi wuya. Tun 1990 wani bincike a Amurka ya lura cewa masu Alzheimer da ƙunci ya kama sun fi sauran yawan dangi na kusa masu tarihin ciwon damuwa. Wato mantuwar kan tarar da tsohon rauni ne ta fama shi. Sai dai akwai wata hanyar ta biyu da ba ruwanta da dangi. Binciken ma'aikatan gwamnatin Birtaniya da aka bi su shekara 28, wanda ya fito a 2017, ya nuna alamun damuwa kan yawaita cikin shekaru goma kafin a gano mantuwa, abin da ke nuna wani lokaci ƙuncin somin-taɓin lalacewar ƙwaƙwalwar ne. Toshewar ƙananan jijiyoyin jini ma, irin ta masu hawan jini, tana haddasa damuwar tsufa ko da babu gado. Alhaji ya haɗa duka: jinin Inna, kwanciyar 1984, da jijiyoyin da shekara 15 na wasa da magani suka cinye.

Bayan kwana biyu autar ta tare ni a soro. Ta kwana tana karatu a intanet, idonta ya yi ja. "Yaya, ka gaya mini tsakani da Allah, jininmu ne? Na ga akwai gwajin APOE, ana aika yawu waje. In yi kafin biki?"

APOE ƙwayar gado ce da ke kan kuromosom na 19, ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da gado a jikin mutum, tana da iri uku da ake kira 2, 3 da 4, kowa kuma yana gadon ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A 1993 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka gano mai lamba 4 tana ƙara haɗarin Alzheimer. A Turawa, mai guda ɗaya haɗarinsa ya kai kamar ninki uku, mai guda biyu kuwa ya kan kai ninki goma ko fiye. Wannan shi ne abin da ta karanta, kuma gaskiya ne, a kan Turawa.

Abin da ba ta karanta ba an yi shi ne a nan kusa da mu, tafiyar 'yan sa'o'i daga Agege. A 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da Farfesa Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana suka fara kwatanta tsofaffin Yarabawan Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka na birnin Indiyanafolis, da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon 2001 ya nuna a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ke kamuwa da ciwon mantuwa, a Indiyanafolis kuwa kashi 3.24. Lamba 4 ɗin nan tana da yawa a jinin Yarabawa, amma rahotannin farko ba su ga ta ƙara musu haɗari ba. Sai a 2014, bayan an daɗe ana bin mutanen, aka ga tasirinta ga waɗanda suka gaji guda biyu, shi ma bai kai na Amurka ƙarfi ba. Ƙwaya ɗaya ce, amma aikinta ya bambanta gwargwadon sauran jinin da ta zauna a ciki da irin rayuwar mai ita. Game da ko tana jawo ƙunci ga wanda ya riga ya kamu da mantuwa, binciken da aka yi sun saɓa wa juna, wasu sun gani wasu ba su gani ba.

Ciwon damuwa kuwa ba shi da wata ƙwaya guda da za a nuna da yatsa. An taɓa zaton an kama ta. A 2003 wani bincike daga Niyu Zilan ya ce wani nau'i na ƙwayar da ke sarrafa sinadarin serotonin na ƙwaƙwalwa yana sa mutum saurin karyewa in masifa ta same shi, duniya ta ɗauka, aka yi ta rubutu a kai. A 2019 da aka gwada da mutane dubu ɗaruruwa, zancen ya rushe. Abin da ya tabbata shi ne ɗaruruwan ƙananan bambance-bambance ne, kowane da ɗan tasirin da bai taka kara ya karya ba. A 2019 an lissafa 102, zuwa 2025 an kai kusan 700. Kuma a ƙididdigar 2019, kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka yi irin wannan bincike a kansu jinin Turai ne, 'yan asalin Afirka kashi 2 kacal. Ma'aunin da aka ƙera da jinin wasu ba zai auna 'yar Katsina daidai ba.

Akwai gidajen da gwaji ke da ma'ana, waɗanda mantuwa ke kama mutum yana ɗan shekara 40 ko 50, uba ya yi, ɗa ya yi, jika ya yi. Wannan gado ne kai tsaye ta ƙwaya guda, kuma bai kai kashi 1 cikin 100 na masu Alzheimer ba. Alhaji ya haura 70 kafin tasa ta soma.

Na ce mata ta riƙe kuɗinta. Wayar da ta yi wa Gwaggo ta ba mu abin da yawun ba zai ba mu ba. Ni a ganina, a halin da muke ciki, tsohuwar da ta san wa ya kwanta, wa ya ƙi abinci, wa aka ce iska ta shafe shi, ta fi kowane ɗakin gwaji amfani ga likita, in dai an iya yi mata tambayar. Kuma kada a ɗauka ciwon na Turawa ne: binciken tsofaffi na Ibadan da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta, wanda ya fito a 2007, ya samu kusan kashi 26 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama sun taɓa ciwon damuwa mai tsanani a rayuwarsu.

Da muka koma asibiti da sabon tarihin, likitar ta goge "babu" ɗin da hannunta. Ta yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye cewa magungunan damuwa ba su cika aiki ga masu mantuwa ba. Babban gwajin Birtaniya na 2011, mai mutum 326, ya kwatanta magungunan damuwa biyu, sataralin da mirtazafin, da ƙwayar da ba magani a cikinta, bayan mako 13 ba a ga bambanci ba, sai ma ƙarin illa ga masu shan na gasken. Shi ya sa ba a gaggawar ba wa mai ƙaramar damuwa. Amma na Alhaji mai tsanani ne, ya daina ci, yana fatan mutuwa, ga tarihin kansa da na dangi da ke nuna tsohon ciwo ne ya dawo. A kan wannan ta yanke shawarar gwada sataralin, mafi ƙanƙantar awo, tare da auna gishirin jini bayan mako biyu domin maganin kan saukar da shi ga tsofaffi. Amitiriftilin kuwa an riga an jefar. Ta ce a kwashe wuƙaƙe da magunguna daga ɗakinsa, kada a bar shi shi kaɗai da asuba.

Sauran aikin a gida aka yi shi. An wanke masa kunne aka ciro dattin da ya toshe shi, sai ga shi ashe rabin shirun nasa rashin ji ne. Maganin hawan jini ya koma hannun Hajiya, kullum bayan kunun safe. Da na bincika yadda aka yi ya ture faifai, sai na gano babban ɗan ne ya fara hana yaran shago kawowa, wai kada mutane su ga Baba a ƙofar gida yana sambatu. Kusan a makon ne kuma amininsa na kasuwa, wanda suke zama tare tun suna samari, ya koma gida Arewa gaba ɗaya. Ba wanda ya haɗa waɗannan biyun da kwanciyarsa. Da ƙyar babban ɗan ya yarda aka mayar da buzun, aka kuma roƙi wani dattijo maƙwabci ya riƙa zuwa da hantsi.

Sauƙin ya zo a hankali. A mako na uku ya soma shan fura. Wajen mako na bakwai kukan asuba ya ragu zuwa jefi-jefi, zancen bashin huhu arba'in ya ɓace. Hajiya ta ce rubutun ne ya ci, na biyun ya ce maganin likita ne, ni kuma na fi zargin faifan da kunnen, amma tunda a tare aka yi su duka ba mai iya raba gardamar. Mantuwar ba ta ja da baya ba ko taƙi ɗaya. Yanzu ma ba ya gane jikokinsa.

Ana saura wata ɗaya biki autar ta sake tare ni. Ta ce a shekararta ta ƙarshe a makaranta ta yi wata uku tana kulle kanta a ɗakin kwanan ɗalibai, ta faɗi jarrabawa biyu, ta ce wa gida taifot ne. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Abin da ke cin ta yanzu labarin Inna ne da haihuwa. Na ce mata mai irin tarihinta ya kamata ungozoma da likita su sani tun awon farko, domin damuwar bayan haihuwa tana da magani kuma an fi cin ƙarfinta in an tare ta da wuri. Ta ce wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne angon, da uwarsa, da abin da kalmar "gado" za ta zama in ta shiga bakin dangin miji. Ta gaya wa angon, shi kaɗai, ta roƙe shi ya bar shi a cikinsa. Babban yayanta har yau bai san ta yi ba.

Ranar ɗaurin aure an zaunar da Alhaji a buzunsa da sabuwar malum-malum. Da aka kawo goron rabo, ya jawo faifan gabansa ya hau zaɓe, ya ware guda shida ya tura gefe. Na ɗauki ɗaya na ɓare, sankara ce a ciki. Ya dube ni ya kira ni da sunan amininsa da ya koma Arewa, ya ce in gaya wa mai goron nan ya ji tsoron Allah.